Saitunan ƙarin tsaro na Defender: suna aiki a kwamfutar gida ko ado ne kawai?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masana kwamfuta na cikinmu. Laftof ɗin gidanmu Windows 11 Home ne a kanta, ni da yara muke amfani da ita, kuma sakamakon ɗalibaina da takardun jarrabawa duk suna ciki. Na ji ana cewa antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, wato Defender, yana da wasu saituna na ƙarin tsaro da ba a kunne suke zuwa ba, sai mutum ya kunna da kansa. Ƙanena ya ce kada in wahalar da kaina, waɗannan na bankuna da kamfanoni ne, a Home ko an kunna ba sa yin komai. Haka ne? Ko in sayi na kuɗi in huta?

Mai Gyara: Wa alaikumus salam Hajiya. Ni a shago nake yini, abin da idona ya gani shi zan faɗa. Kwamfutocin da ake kawo mana bairos ya gama da su, kusan duk da antibairos a kansu. Wasu na kyauta, wasu na kuɗi, wasu har biyu-biyu. Shi ya sa zancen saiti bai cika burge ni ba. Ki sayi hardis na waje ki riƙa kwafe takardunki duk ƙarshen mako, in kin gama ki zare shi ki ajiye a durowa. Maganin da na sani ke nan.

Baban Sadiq: Malama, maganar ƙanenki tana da tushe, amma ya haɗa abu biyu wuri guda. Injin da ke farautar bairos a Home shi ne dai a Pro da Enterprise, ba a rage masa ƙarfi ba. Abin da aka hana wa Home kayan sarrafawa ne. In kika rubuta gpedit.msc, wato allon da ake tsara dokokin Windows da shi, kwamfutar za ta ce ba ta san shi ba. Haka kuma babu allon nan da ma'aikacin kamfani ke zama a ofis yana kallon kwamfutoci dubu lokaci guda. Wannan ɓangaren shi ne na kuɗi.

Saitunan kansu kashi biyu ne. Akwai na fili a cikin Windows Security, dannawa ɗaya kin kunna: Tamper Protection, wanda ke hana wata manhaja kashe Defender ta bayan gida, Controlled folder access, wanda ke hana manhajar da ba a yarda da ita ba canza fayilolin da ke cikin Documents da Pictures, sai kuma toshe manhajojin talla masu maƙalewa a jikin wasu. Waɗannan babu ko tantama suna aiki a Home.

Kashi na biyu su ne ake gardama a kansu, dokokin ASR (Attack Surface Reduction), wato na rage ƙofofin da bairos ke bi. Sun haura goma sha biyar, kuma ba bairos suke nema da sunansa ba, hali suke hanawa. Wata doka ta ce Word da Excel ba su da izinin tayar da wata manhaja. Wata ta ce fayil mai gudana da ya shigo ta imel ba zai buɗe ba. Wata ta ce manhajar da ba ta da sa hannun mai ita ba za ta tashi daga filash ba. Takardun Microsoft da ma'aikatu suke magana a kan waɗannan dokoki, amma mutane da yawa suna kunna su a Home ta PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, kuma suna toshewa.

Ɗan Damagaram: Sannu da ƙoƙari Malam Baban Sadiq. Mu nan Nijar yawancin namu da Faransanci suke, an rubuta Windows Famille. Shi ma wannan maganar ta shafe shi?

Baban Sadiq: Shi ne Home ɗin, ɗan'uwa, harshe ne kawai ya bambanta. Umarnin PowerShell kuwa iri ɗaya ne ko'ina.

Kawu Mai Ritaya: Yarana, ni fa ban gane wannan wahalar ba. Tun ina aiki nake sayen antibairos duk shekara, in sa lambar, shi ke nan. Abin da aka ba ka kyauta, yaya za a yi ya kai wanda ka biya? Da Defender ya isa, da kamfanonin nan sun rufe tuntuni.

Baban Sadiq: Allah ya ƙara girma Kawu. A da kana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Zamanin Windows 7, abin da ake kira Defender ɗan ƙaramin abu ne mai neman manhajar leƙen asiri kawai. Daga Windows 8 ne ya zama cikakken antibairos, kuma a 'yan shekarun nan cibiyoyin gwaji irin su AV-TEST ta Jamus suna jera shi kafaɗa da kafaɗa da na kuɗi. Ba kyauta ba ne ma in an duba, kuɗinsa yana cikin kuɗin Windows.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ranar da ka sa wani antibairos, Defender ja da baya yake yi ya bar masa fili. Dokokin ASR da kariyar folda duk su tsaya, don sai Defender ne ke riƙe da ragama suke aiki. Ba a cin biyu.

'Yar Kaduna: Kawu, a yi haƙuri in sa baki. Sunan kamfani ma ba tabbaci ba ne. A 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin antibairos na Avast biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. A shekarar dai Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta. Ban ce ba sa kama bairos ba, suna kamawa. Amma antibairos yana ganin duk abin da ke cikin kwamfutarka, dole ka tambayi kanka wa ka ba wa makullin.

Kawu Mai Ritaya: To 'yata, ita Microsoft ɗin waliyyiya ce?

'Yar Kaduna: A'a Kawu. Amma ita ta riga tana cikin gidan, tunda Windows nata ne. Ƙara wani baƙo ne nake tunani a kai.

Mai Gyara: Duk kun yi magana mai kyau, amma Oga Baban Sadiq, kai a ofis kake, intanet ɗinka ba ya yankewa. Ka zo ka ga laftof ɗin mutanenmu. Mutum zai yi wata biyu bai jona ta da intanet ba. In ya jona ma da hotspot ɗin waya ne, kuma ya riga ya gaya wa Windows cewa datarsa a ƙirge take, don kada afdet ya shanye masa. Wasu ma mu suke roƙo mu kashe musu afdet ɗin gaba ɗaya. Ka buɗe Windows Security ka ga rabon Defender da sabuntawa tun kafin azumi. Wane saiti ne zai ceci wannan?

Baban Sadiq: Nan kam ka taɓo inda yake ciwo. Babban ƙarfin Defender na yanzu a intanet yake. In ya ga fayil ɗin da bai sani ba, yakan riƙe shi na daƙiƙa 10 ya tambayi sabar Microsoft, kuma ana iya tsawaita jiran har ya kai minti ɗaya. Akwai ma matakan tsanani da ake ɗagawa. Duk wannan ba intanet, ba aiki. Gwajin AV-Comparatives ta Ostiriya ya sha nuna cewa kamun Defender yana raguwa in an cire intanet. Dokar ASR mai cewa a hana sabon fayil ɗin da duniya ba ta san shi ba tukuna, ita ma sai da intanet.

Amma ba duka ba. Dokar hana Word tayar da wata manhaja ba ta buƙatar tambayar kowa. Kariyar folda ma tana nan daram. Kai a wurina ma kwamfutar da ba ta samun afdet ta fi kowa buƙatar dokokin hali, tunda jerin sunayen bairos ɗinta ya tsufa.

Mai Gyara: A takarda haka ne.

Ɗalibi Mai Project: Yallaɓai ni matsalata da Defender ɗin nan shisshigi. Duk lokacin da zan sa Office ko manhajar lissafin da muke project da ita, sai ya goge fayil ɗin kunnawa ya ce bairos ne. Alhali kowa a ajinmu da shi yake amfani. Dole sai na kashe shi in gama sannan in kunna. In na ƙara masa waɗannan saitunan ai ba zan iya aiki ba sam.

Mai Gyara: Yauwa. Hajiya Maman Ilham, ga amsar tambayarki ta zo da ƙafarta. Wannan shi ne kwastomana na wata mai zuwa.

Ɗalibi Mai Project: Haba Oga, ba sai ka yi min baki ba. Shekarata nawa ina yi, ban taɓa ganin komai ba.

Mai Gyara: Ba baki na yi maka ba ƙanina, bari in ba ka labari. Wani mai ɗaukar hoton biki ya kawo min laftof ɗinsa hannu na rawa. Ya sauke kirak ɗin manhajar gyaran hoto, wato abin da ke fasa lasisinta a yi amfani da ita kyauta, bidiyon da ya koya masa ya ce a fara kashe antibairos, ya kashe. Da safe duk hotunan sun koma farare, kowane an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna. A foldoji kuma ga wani ɗan fayil, _readme.txt. Na buɗe a gabansa: a biya dala 980, in an tuntuɓe su cikin awa 72 a biya 490. Hotunan kamu da ɗaurin aure da dina na mutane, bai ba su ba tukuna, kuma ya riga ya goge katin kyamara ya tafi wani bikin. Ya ce min a yi fomatin ko za su dawo. Na ce masa fomatin zai kori bairos ɗin, amma hotunan a kulle za su zauna.

Wannan shi ake kira STOP ko Djvu, kuma ta kirak ya fi yaɗuwa. Ba bankuna yake bi ba, irinmu yake bi.

'Yar Kaduna: Innalillahi. Ba a samu buɗewa ba?

Mai Gyara: Akwai manhajar buɗewa ta kyauta da Emsisoft suka fitar, amma tana aiki ne galibi in bairos ɗin bai samu intanet ba lokacin da yake kullewa, sai ya yi amfani da makullin da ya zo da shi. In ya samu intanet, makulli na musamman yake karɓowa daga masu shi. Nasa irin na biyun ne. Na ce ya adana fayilolin a gefe kada ya goge, ya riƙa leƙa shafin No More Ransom ko wata rana.

Baban Sadiq: To ai labarinka hujjata ce, Malam Mai Gyara. Da kariyar folda a kunne take, baƙuwar manhaja ba za ta iya taɓa Pictures ba.

Mai Gyara: Wace kariyar? Ba da bakinka ka ce sai Defender yana kunne take aiki ba? Shi da hannunsa ya kashe. Kuma hotunan ma ba a Pictures suke ba, a ɓangaren hardis na D suke, kamar yadda kowa ke yi don gudun fomatin. Ka kafa ƙofar ƙarfe ka sa kwaɗo uku, mai gida ya fito da kansa ya buɗe wa ɓarawo har da sannu da zuwa, laifin maƙeri ne?

Baban Sadiq: Maganar D gaskiya ce, kuma Malama ki lura da ita. Kariyar folda ba ta san da D ba sai kin ƙara shi da kanki a jerin foldojin da ake karewa. Ki duba Desktop ma, in ba ya cikin jerin ki sa shi, don na san malamai da tara aiki a nan.

Ɗalibi Mai Project: Ni fa ba kashewa nake yi in bar shi ba. Folda ɗaya na ware na ce kada ya riƙa duba ta.

Baban Sadiq: Wannan ya fi muni, ƙanina. Kashewa na ɗan lokaci ne, Windows yakan mayar da shi da kansa. Waccan foldar kuwa ta zama tudun mun tsira har abada. Kuma duk lokacin da ka danna Yes a akwatin nan mai neman izini, ka ba wa kirak ɗin ikon mai gida. Da wannan ikon yana iya ƙara tasa foldar a jerin waɗanda ba a dubawa, kai ba ka sani ba. Je ka buɗe wannan jerin, wato Exclusions, yanzu ka gani ko duk abin da ke ciki kai ka sa.

Sannan rashin ganin komai ba shaida ba ce. Na yanzu da yawa ba sa kulle fayil, ba sa rage gudun kwamfuta. Kalmomin sirrin da ka adana a burauza suke kwashewa cikin daƙiƙoƙi su tafi. A watan Mayun 2025 Microsoft ta ce ta gano kwamfutoci sama da 394,000 da ɗaya daga cikinsu, Lumma, ya kama cikin wata biyu kacal. Kariyar folda ba ta hana wannan, don ita canza fayil take hanawa, ba karantawa ba.

Ɗalibi Mai Project: Duk na ji. Amma a gaya min, da kuɗin makaranta zan ji ko da lasisin dala? Masu cewa a sayi na asali ba su san farashin ba ne.

'Yar Kaduna: Ba wanda ya raina halin da ake ciki. Amma don rubutun project, LibreOffice kyauta ne, yana buɗe fayilolin Word yana adanawa. Word na burauza ma kyauta ne in kana da data. Lissafi kuma akwai R da PSPP da jamovi.

Ɗalibi Mai Project: Anti, sai ki zo ki gaya wa sufabaizana ya karɓi R.

Admin: Jama'a a dawo kan tambayar Malama. Kuma don Allah kada wanda ya sa mahaɗar kirak a zauren nan, za a goge.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, ina ta karantawa. Na shiga na tarar Tamper Protection a kunne yake. Na kunna kariyar folda na ƙara D. Amma ga shi yanzu manhajar da nake haɗa sakamakon ɗalibai da ita ta ƙi adanawa, wani saƙo ya fito a gefe wai an hana canji. Na ɓata wani abu ne?

Baban Sadiq: Ba ki ɓata komai ba Malama, aikinta ke nan, kuma kin ga amsar ƙanenki da idonki. Ba ta san manhajar ba ne. A wannan shafin akwai inda aka rubuta Allow an app, ki shiga, za ki ga jerin waɗanda aka toshe kwanan nan, ki zaɓe ta. Sau ɗaya ne. Sharaɗin kawai, kada ki ba wa abin da ba ki gane ba izini.

Mai Gyara: A nan ake faɗuwa. Hajiya ta tambaya don tana da zaure. Wani saƙo uku zai gani ya ƙufula ya kashe komai, ko ya riƙa danna izini ido rufe. Ni shi ya sa ba na kunna wa kwastoma. In na kunna, da daddare zai kira ni wai na lalata masa kwamfuta.

Kuma Oga, tunda kana tallar ASR, ka ba su labarin Janairun 2023 mana.

Baban Sadiq: Zan bayar, ba abin ɓoyewa ba ne. Ranar Juma'a 13 ga Janairun 2023 wani afdet na Defender ya zo da kuskure. Dokar ASR da ke sa ido kan macro na Office, wato ƙananan umarnin da ake sawa cikin fayilolin Word da Excel, ta shiga goge gajerun hanyoyin buɗe manhajoji daga Start da kan allo. Ma'aikata a ƙasashe da dama suka tarar gumakan manhajojinsu sun ɓace. Manhajojin suna nan, hanyar ce aka share, kuma waɗanda suka kunna dokar a matakin toshewa abin ya shafa. Wanda bai taɓa saitin ba bai ma san an yi ba.

Shi ya sa kowace doka take da matakin gwaji, Audit. A nan ba ta toshe komai, rubutawa kawai take yi cewa da a kunne nake da na hana kaza. Ka bar ta mako ɗaya ko biyu, ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, a sashen Windows Defender. Lamba 1122 na nufin da an toshe, 1121 na nufin an toshe da gaske. Na kariyar folda kuma 1124 da 1123. In ba ka ga manhajojinka na kullum a ciki ba, sai ka mayar da ita toshewa.

Kawu Mai Ritaya: Event me? Yaro, ka ga dalilin da ya sa nake biyan kuɗina. Ni da zan zauna ina karanta lambobi, ina jikoki za su bar ni.

Baban Sadiq: Kawu, kai ka zauna a kan naka, muddin kana sabunta lasisin kuma yana samun afdet. Wanda nake jin tsoro shi ne mai antibairos na gwajin wata ɗaya da ya zo da laftof, ya mutu shekara biyu da suka wuce, yana nan zaune.

Ga mai son ASR ba tare da rubuta umarni ba, akwai 'yar manhaja ta kyauta a GitHub, ConfigureDefender. Ba wani antibairos ba ce, saitunan Defender ɗin ne take jerowa a allo ɗaya, ka zaɓa, ka sake kunna kwamfuta. Matakin High ya ishi gida. Max yana da takura sosai, kada mai koyo ya fara da shi.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ya dame mu a nan filash ne. Ka kai takarda a buga maka, ka dawo gida duk foldojinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe. Dokar filash ɗin da ka ambata tana maganin wannan?

Mai Gyara: Bari in riga shi. Ba lallai ba. Wannan bairos ɗin wayo gare shi: ɓoye foldojinka na gaskiya yake yi, ya ajiye masu kibiya da sunansu. Kana dannawa, sai ya kira wata manhajar Windows ta halal, irin wscript, ita za ta karanta masa rubutunsa. Dokar tana neman baƙo marar sa hannu, shi kuwa ɗan gida ya aika. Shi ya sa shagunan buga takardu suka riƙe Smadav, ɗan Indonesiya nan, don shi filash ya sa a gaba.

In ya same ka, kada ka danna ko ɗaya. Ka bari antibairos ya share filash ɗin tukuna, sannan ka buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d sai harafin filash ɗin da *.* a ƙarshe, misali E:\*.* Foldojin za su fito. Masu kibiyar ka goge su.

Baban Sadiq: Ban musa ba. Sai dai akwai wata dokar ta daban mai toshe rubutun da aka cukurkuɗa don ɓoye manufarsa, kuma irin waɗannan sukan faɗa cikinta. Tsofaffin ma Defender mai afdet ya san su da suna. Ni dai shawarata, in takarda ɗaya ce ka tura wa mai shagon PDF ta WhatsApp, filash ɗinka ya kwana a aljihu.

'Yar Kaduna: Akwai wani sabon salo da ban ga an ambata ba, kuma Maman Ilham ta ce yara suna taɓa laftof ɗin. Shafi zai fito da akwatin nan na tabbatar kai mutum ne, amma maimakon zaɓen hotuna sai ya ce ka danna maɓallin Windows da R, ka danna Ctrl da V, ka danna Enter. Shafin ya riga ya kwafa maka umarni a ɓoye, kai ne za ka gudanar da shi da hannunka. Masu neman fim da wasan kyauta su ya fi kamawa. Babu shafin kirki da zai ce ka buɗe Run, wato akwatin da Windows da R ke buɗewa.

Baban Sadiq: Wannan ya kawo ni kan saitin da na fi yarda da shi, kuma ba ma a cikin Defender yake ba. Malama, ki buɗe wa yara nasu asusun a kwamfutar, ki bar shi Standard, naki mai iko ki sa masa kalmar sirrin da ba su sani ba. Daga nan ba mai iya kashe Defender ko ware folda sai an zo wurinki. Ba zai hana satar abin da ke cikin asusun yaran ba, amma naki takardun sun yi nisa da su.

Mai Gyara: Wannan kam na sa hannu. Shi kaɗai ne a duk zancen yau da zan iya yi wa kwastoma bai kira ni da dare ba. Sai dai ya manta kalmar sirrin, ya kira ni da safe.

Maman Ilham: Na ba wa manhajar izini, ta adana lafiya. Asusun yara kuma sai Abban Ilham ya dawo, don shi ma yana da abubuwa a ciki. ASR ɗin zan sa a gwaji tukuna kamar yadda aka ce. Malam Mai Gyara, hardis ɗin ma zan saya, kada ka ce ban ji ba.

Ɗalibi Mai Project: Na duba Exclusions ɗin. Akwai guda biyu da ban san su ba, ɗaya a cikin AppData, ɗaya kuma hardis ɗin C gaba ɗaya. Wannan matsala ce?

Baban Sadiq: C gaba ɗaya? Wato Defender ɗinka ba ya duba komai. Cire ta daga intanet yanzu. Ka ɗauki wayarka, ba laftof ɗin ba, ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da farko, sannan Facebook da duk abin da ka taɓa adanawa a burauza, ka fitar da duk na'urorin da ke shiga, ka kunna tabbaci mai mataki biyu. Sannan ka goge waɗancan biyun ka yi Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ya tashi.

Mai Gyara: Ni ban yarda da bincike a kan wannan ba. Ka kwafe project ɗinka da hotuna kawai, ban da manhaja ko ɗaya, a yi mata sabon Windows.

Ɗan Damagaram: Wane Windows ɗin za a sa masa? Tawa 10 ce, an ce tallafinsa ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025, kuma 11 ya ƙi hawa, wai babu guntun tsaron nan na TPM 2.0.

Baban Sadiq: Haka ne. Defender bai daina samun sabbin sunayen bairos a Windows 10 a ranar ba, amma ramukan Windows ɗin kansa ba a toshewa sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU. Ka tuna WannaCry, bairos mai kulle fayiloli, a Mayun 2017, wanda ya tsayar da asibitoci a Ingila: maganin ramin ya fito tun Maris, waɗanda ba su yi afdet ba ya kwashe. Saitin antibairos ba ya maye gurbin wannan. In injin ya tsufa da yawa, ka gwada Linux Mint.

Mai Gyara: Linux kuma? Oga, mutumin da ke son firintarsa ta yi aiki gobe da safe? Ɗan Damagaram, turo min samfurin laftof ɗin da girman RAM ta inbox in ga abin da za ta iya ɗauka. Kai kuma Ɗalibi, ka gama canza kalmomin sirrin kafin ka zo, kuma ka taho da caja, wuta ba ta zama a layinmu.